Dan Allah wa ya taɓa lulluɓe shingen bayan gida da gora?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema dan Allah. Bayan gidanmu shingen waya ne irin mai ragar nan, tsayinsa mita ɗaya da rabi, tsawon kuma na auna jiya da tef mita 12 ne. Da can fili ne a bayanmu ba kowa, to yanzu an gina har an tare, kuma tagar kicin ɗinsu tana kallon daidai inda nake shanya, in dai na fito sai mun haɗa ido da matar gidan, mutuniyar kirki ce wlh amma kun san mutum yana so ya sake a gidansa ko ɗankwali ya cire ya sha iska. Naga ana sayar da gora a naɗe kamar tabarma an jera ta da waya, sai dai ka warware ka ɗaura a jikin shinge. Maigidan yace aikin awa ɗaya ne in akwai filaya, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa yi ya gaya min gaskiya, tana daɗewa kuwa? kuma da me ake ɗaurewa?

Sarkin Musu:
Wa alaikumussalam. Maigidanki yayi gaskiya Hajiya, ni ko awa ɗayan ban yi ba. Ɗaurin robar nan da masu wayarin ke tattara waya da shi na samu, zuge nan zuge can shikenan, yau shekara biyu ko gezau. Kar ki bari a tsorata ki, yanzu za su zo da dogon lissafi.

Baba Kafinta:
To ga masu dogon lissafin sun iso. 'Yata kafin a kai ga ɗauri, wace iri kika gani? Don abin da ake naɗewa a kira gora kala uku ne. Akwai siririn kara wanda ma ba gora bane, kaurinsa bai fi na biro ba, mara nauyi, in kika ɗaga shi a rana kina hango mutum ta ciki. Akwai gorar da aka tsaga aka yi fale-fale da ita. Sai kuma sanda sukutum, kaurin babban yatsa ko ya ɗan fi, an huda an zura waya ta ciki. Ta ƙarshen nan ita tafi rufewa ita tafi ƙarko, kuma ita tafi nauyi, naɗi ɗaya sai mutum biyu.

Maman Biyu:
Baba ta ukun ce na gani, mai sanda. Mita 1.8 tsayinta, nace gara ta ɗara shingen kaɗan tunda tagar tasu tana da ɗan tudu.

Antin Yara:
Ni na farkon na saya saboda araha wlh nayi nadama. Damina biyu kawai ya zama kamar tsohuwar tsintsiya, in yara suka jingina sai kaji ƙaras ƙaras, kullum cikin sharar ɓaraguzai nake. Kinyi daidai da kika nufi mai sandan.

Injiniya:
Hajiya kafin ki biya kuɗin komai, fita yanzu ki kama kowane turke na shingen nan ki girgiza shi da ƙarfi kiga ko yana motsi, sannan ki ƙirga su nawa ne. Dalili shine shingen raga ba a yi shi don tare iska ba, ta cikinsa take wucewa abinta, shi yasa ake sa masa siraran turaku a kuma ba su tazara. Ranar da kika lulluɓe shi ya tashi daga raga ya koma bango, amma ƙafafunsa na raga ne har yanzu. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kwanon rufi a ka ranar iska ya san abin da nake nufi.

Maman Biyu:
Na duba, guda biyar ne, fayif ne na ƙarfe, tsakaninsu kamar mita uku uku. Biyu na tsakiya suna ɗan rawa amma ba sosai ba.

Injiniya:
Yauwa, bari muyi lissafin da Sarkin Musu baya so. Iska mai gudun kilomita 72 a awa, irin wadda ke zuwa gaban hadari, tana danna kowace murabba'in mita na bango da nauyin kusan kilo 25. Naki mita 12 sau 1.8, ya kama murabba'in mita 21 da ɗoriya, kinga sama da kilo 500 kenan ke tura shingen ta gefe. Kowane turke na tsakiya zai ɗauki wajen kilo 135 shi kaɗai. 'Yan ƙofofin da ke tsakanin sandunan za su rage wani abu, amma ba mai yawa ba tunda ke da kanki wadda ta rufe ruf kike nema. Kuma ƙarfin iska ba a hankali yake ƙaruwa ba, in gudunta ya ninka sau biyu turin da take yi sau huɗu yake ninkawa. Ga kuma santimita 30 ɗin da za ta ɗara saman shingen ba abin da ya tallafe ta, can sama ne iska tafi samun damar murɗe turke daga gindi. Biyun nan masu ɗan rawa su ne za su fara kwantawa.

Sarkin Musu:
Kilo 500 wai, Injiniya ko tirela ce. Nawa fa har yau yana tsaye, an sha iska ba ɗaya ba ba biyu ba.

Baba Kafinta:
Ɗana naka a jikin me ka ɗaura?

Sarkin Musu:
Katangar bulo ce, na buga 'yan ƙusoshi na ja waya na ɗaura a jiki.

Antin Yara:
Kai jama'a 😂 ashe kwalliya kayi wa katanga kake ba mai raga shawara

Sarkin Musu:
To ai gora gora ce dai

Abu Hanif:
Maman Biyu ki saurari Injiniya, ni abin ya faru dani ba labari aka bani ba. Nawa ma na katako ne ba raga ba, irin mai tazara tsakanin falankai, turakun sun kai shekara takwas a ƙasa ban taɓa tonawa na duba gindinsu ba. Na rufe shi da gora yayi kyau har hoto na ɗauka, wata huɗu aka yi wata iska cikin dare naji ƙara kamar an fasa ƙofa, da safe na tarar da rabin shingen kwance a kan shukokin maƙwabcina, gorar ko ɗaya bata karye ba tana nan a ɗaure tsaf, turaku uku ne suka gutsure daidai inda suka haɗu da ƙasa, cikinsu ya zama kamar soso kana sa yatsa yana shiga. Kunyar da naji a gaban mutumin nan tafi asarar ciwo.

Maman Biyu:
Subhanallah, Allah ya kiyaye gaba. To yanzu ya zanyi, sai na rushe shingen gaba ɗaya?

Injiniya:
A'a ba sai an rushe ba. A tone gindin masu rawar a sake zuba kankare, sannan a ƙara sabon turke a tsakanin kowane biyu tazarar ta dawo mita ɗaya da rabi. Sababbin su zama dogaye da za su kai saman gorar, kuma a binne kamar kashi ɗaya cikin uku na tsayin da zai fito saman ƙasa, wato ramin kar ya gaza santimita 60, in ƙasar mai laushi ce a ƙara. A bar kankaren ya kwana biyu uku kafin a rataya masa kaya. Sai a gitta katako ko ƙarfe layi biyu ko uku, sama, tsakiya, ƙasa, a jikinsu za a kama gorar ba a jikin ragar ba. Raga tana saki, in kika ɗaura a jikinta bayan 'yan watanni zaki ga gorar tayi ciki.

Baba Kafinta:
Injiniya ya gama da ƙafafu, bari in ɗora da ɓangarena. Abu na farko kar gorar ta taɓa ƙasa. Gora ciyawa ce fa ba itace ba, dangin kara ce, in gindinta yana zaune a danshi shanye ruwa take kamar lagwani, wadda ba a yi wa magani ba in tana haɗe da ƙasa a waje shekara ɗaya zuwa uku ta gama. Ki samu falanki mai kaurin santimita 5 ki shimfiɗa a ƙasa ki tsayar da naɗin a kai kina warwarewa kina kamawa, in kin gama sai ki zare falankin, kinga ta rataya kenan da tazara ɗaya daga farko har ƙarshe. Na biyu kar maigida ya kuskura ya buga mata ƙusa kai tsaye. Zarenta a tsaye yake tafiya, ƙusa na shiga zata tsage daga nan har gaɓa ta gaba, wani lokacin ta wuce. Sai an fara hudawa da injin huda, ramin ya ɗan fi sukurun faɗi, kuma kar a ɗaure tamau har sandar ta lotsa. Ni yadda nafi so ma ba na huda ta sam, siririn katako nake ɗorawa ta gaba in matse gorar tsakaninsa da na baya, sukurun ya bi ta tsakanin sanduna biyu. Ranar da kike son cirewa ko canza wani yanki kwancewa kawai za a yi.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri Baba, na kwafe duka. Shi ɗaurin robar fa kwata kwata bashi da amfani?

Baba Kafinta:
Yana da amfani wajen riƙe miki ita na ɗan lokaci kafin ki daidaita. Farin nan rana ke cinye shi, watarana kina taɓawa zai ɓalle kamar busasshen ganye, baƙin yafi jure rana. In waya za ki sa ki nemi mai galbanaiz ko sitenles, sukurun ma haka, don baƙin ƙarfe yana tsatsa ya zubo jan layi a jikin gorar ba ya wankuwa. Kuma ki murɗe bakin wayar ya koma baya tunda akwai yara.

Mai Lambu:
Ni fa duk wannan wahalar ban ga dalilinta ba, turke, kankare, sukuru, bayan shekaru kuma ta tsufa a sake sabo. Ki shuka gorar mai rai a bin shingen mana! Ba abin da ya kai ta saurin girma, akwai irin da aka auna tayi santimita 91 a rana ɗaya, ga inuwa ga sanyi ga tsuntsaye, iska kuma lanƙwasa ta take ta wuce ba ruwanki da lissafin Injiniya.

Ummu Sultan:
Malam Mai Lambu dan girman Allah kar ka jefa baiwar Allah cikin abin da na shiga. Wanda muka gada a gidan da muka saya ne ya shuka, tun daga kusurwa can take bin ƙarƙashin ƙasa, sai da ta ɓullo min ta tsakanin dutsen da aka shimfiɗa a tsakar gida ta ɗaga guda biyu, ta tsallaka gidan maƙwabta ta fito a cikin furanninsu, ka sare yau sati biyu ka ga wani tsiro kamar mashi a wani wurin daban. Shekara uku muna tono kafin muka rabu da ita kuma har yanzu in naga wani abu kore ya leƙo gabana faɗuwa yake.

Mai Lambu:
Hajiya wannan mai gudu kika gada, dangin Phyllostachys, saiwarta ce ke tafiya a kwance mita da mita. Akwai mai zama a dunƙule kamar Bambusa, ko Fargesia ga masu wurin sanyi, ita a wuri ɗaya take kumbura a hankali. Gora fa ta haura iri dubu, ba a yi musu kuɗin goro. Ko mai gudun ma ana binne mata roba mai kauri zurfin santimita 60 zuwa 70 a bar bakin ya leƙo sama kaɗan, sai a riƙa dubawa ana datse wadda tazo tsallakewa.

Ummu Sultan:
Ka ji ko, a tona rami zurfin santimita 70 tsawon mita 12, kai da kace ba ka son wahala 😅

Maman Biyu:
Mai Lambu nagode amma wurin ƙarami ne, tsakanin igiyar shanya da shingen bai fi taku biyu ba, kuma ni bana nake son rufin asirin ba sai nan da shekara biyu uku in ta cika ba.

Malam Na Gefe:
Duk an yi maganar iska da ƙusa ba wanda ya tambaya, shingen na waye? In maƙwabcin ne ya kafa ko na haɗin gwiwa ne to ba ki da ikon rataya masa kaya sai da yardarsa, in ya faɗi ma rigima ce. In kuma haya kuke a tambayi mai gida. Sannan wurare da yawa akwai dokar tsayin shinge, misali a Ingila in ya wuce mita 2 sai an nemi izini, in bakin titin mota ne ma mita 1 ne. Kowa ya duba ta inda yake. Ko ba doka ma, ki shiga ki gaya wa matar nan da bakinki kafin ta wayi gari taga an toshe mata, kar ta ɗauka wani abu tayi miki.

Maman Biyu:
Namu ne, mu muka kafa tun kafin su zo. Amma maganarka gaskiya ce Malam, wlh abin da ke ɗan damuna kenan tun farko, zan shiga gobe in sha Allah.

Antin Yara:
Tambaya nima, ita mai sandan ana shafa mata wani abu ne? ta wata ƙawata da tazo ruwan zuma ce mai kyau yanzu ta koma toka toka

Baba Kafinta:
Rana ce, duk gorar da ke waje haka take komawa in ba a shafa mata komai ba, kuma tokar ba lalacewa bace, wasu ma ita suke so. Sai dai kar a yi gaggawa. Sabuwar gora bayanta santsi ne kamar an shafa kakin zuma, in kika shafa mai ko banish a lokacin ba ya kamawa, kwailewa yake kamar fatar maciji. A bari ta sha rana da ruwa 'yan watanni, gwajin shine ki yayyafa ruwa, in ya tsaya ƙwaya ƙwaya da saura, in ya shige to ta shirya. Sai a wanke da buroshi a bari ta bushe sarai a shafa man katako na waje, duk shekara ko shekara biyu a maimaita. Baƙin hunhuna in ya fito ruwa da ɗan bilic yana fitar dashi.

Injiniya:
Ƙari kan na Baba, ki leƙa saman sandunan. Wadda aka yanke daidai saman gaɓa a toshe take, wadda aka yanke a tsakiya kuwa ɗan kofi ce, ruwa zai zauna a ciki ya ruɓar da ita daga sama sauro kuma ya samu wurin ƙwai. Mafi sauƙi a kifa katako ɗaya a bisa layin gaba ɗaya kamar hula. Kuma abin gashi ko murhu a nisanta shi, busasshiyar gora bata wasa da wuta.

Sarkin Musu:
Aikin awa ɗaya ya koma aikin wata ɗaya, Allah ya ba maigida haƙuri

Maman Biyu:
Salam, na dawo da rahoto bayan sati uku. Da aka tona gindin masu rawar nan ɗaya ashe kankaren bai fi girman kwano ba, da hannu aka ciro shi, maigidan yayi shiru bai ƙara maganar awa ɗaya ba. An ƙara turaku huɗu, an gitta katako layi uku, mun matse gorar da siririn katako ba mu huda ta ba, mun yi dabarar falankin Baba ta fito a miƙe kamar an ja layi. Kuskure ɗaya muka yi, wajen rage tsawon naɗin ƙarshe maigidan ya datse wayar kafin ya murɗe bakin, sanduna kusan goma suka zube sai da muka zauna muna zurawa ɗaya bayan ɗaya kamar masu shirya carbi. Maƙwabciyar kuwa da na shiga dariya tayi tace ita ma kunya ce ta hana ta sa labule kar ince don ni tayi. Sai dai Baba akwai abin da na gani yau da safe, wani gari gari mai laushi kamar hoda a ƙasan sanduna uku na gefe, da 'yan ƙananan huji kamar na allura.

Baba Kafinta:
Ƙwaron da ke huda gora ne 'yata, sitacin cikinta yake ci, kuma yawanci da shi take zuwa tun daga inda aka ajiye ta. Share hodar yau ki duba jibi, in sabuwa ta zubo yana ciki da rai. Tunda matsewa kuka yi da katako ba hudawa ba, kwance wannan gefen ki zare ukun nan ki fitar dasu daga gidan gaba ɗaya, kar ki jingine su a kusa. Sauran a jiƙa garin maganin ƙwari na boraks da borik asid a ruwan ɗumi a shafa sosai har cikin bakin sandunan, sau biyu, ranar da ba hadari don ruwan sama yana wanke shi. Sa safar hannu, kuma yaran su yi nisa har ta bushe.

Maman Biyu:
To Baba. Akwai ragowar sanduna shida da suka rage daga naɗin, zan iya maye gurbin dasu?

Baba Kafinta:
Ki fara bubbuga kowacce a kan siminti tukuna, wadda ta zubar da hoda ta bi 'yan uwanta.